Biskit Mai Citta da Kwanon Baba

Ni dai ban taɓa damuwa da kayan zaƙin Turawa ba. A gidanmu in an ce zaƙi, to alkaki ne ko nakiya, su ma sai an yi biki a Kano an tuna da mu an aiko. Abin da ya sa na zauna ina jera biskit cikin kirim kamar wadda ba ta da aikin yi, haƙoran Babanmu ne.

Baba mutumin Kano ne, amma a Enugu ya tsufa. Ya zo yana saurayi, ya kama rumfa a kasuwar Ogbete yana sayar da busasshiyar citta da kanumfari da masoro, mu duka a unguwar Asata aka haife mu. In mota ta sauke buhuna daga kudancin Kaduna, ba ya tambayar kowa komai. Zai zura hannu can tsakiyar buhu, ya zaro guda ɗaya, ya gatsa. Daga ƙarar da ta yi a bakinsa da yajin da ya biyo baya zai gaya maka ta bana ce ko ta bara, a kan tabarma aka shanya ta ko a bakin kwalta. 'Yan kasuwa daga Anacha da Fatakwal sukan tsaya sai ya gatsa kafin su ɗauka. Busasshiyar citta kuwa itace ce, ba ta san girma ba. Ita ta ci haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar da nake ba da labari, 'yan waɗanda suka rage suka ruɓe gaba ɗaya, kumatunsa ya kumbura, likita ya ce babu gyara sai cirewa. Aka cire. Aka yi masa na roba, ya sa kwana biyu, ya ce shi suke cizo maimakon su ciji abinci, ya naɗe su a takarda ya jefa bayan akwati. Wannan duk bai dame mu ba, tsufa ne, kowa na kan hanya. Abin da ya dame mu shi ne ciyayya.

A barandar gidan da iyayena ke zaune a Asata, tun kafin a haife ni dattawan layin suke haɗuwa tsakanin magariba da isha'i. Kowa a fito masa da kwanonsa daga gida, a shimfiɗa tabarma, a haɗa a ci tare. A da su bakwai ne. Mutuwa ta ɗauki wasu, wasu 'ya'yansu suka mayar da su Arewa, aka bar uku: Baba, da limamin masallacin layinmu, da wani tsoho mai sayar da goro wanda bakinsa ba ya hutawa. Suna da wata ƙa'ida tasu da ban taɓa jin irinta a wani wuri ba. Mai kwano shi ke buɗe kwanonsa da hannunsa, ya ce bismillah, sannan sauran su sa hannu. In mutum ya yi tafiya ko yana kwance a asibiti, wannan daban, ba a ma fito da kwanonsa. Amma in yana cikin gida da ransa da lafiyarsa, babu mai taɓa masa murfi.

Ranar da Baba ya fara fita bayan cire haƙoran, ya kai loma, miya ta biyo gefen bakinsa ta sauka a gaban rigarsa. Ya goge, ya sake kaiwa, ta sake zubowa. Abokan nasa suka ci gaba da cin nasu. Mai goro da kansa ya rantse min daga baya cewa ko ɗaga kai bai yi ba. Baba ya wanke hannu, ya ce yana zuwa, ya shige ɗaki. Daga ranar bai sake zama a tabarmar nan ba. Masallaci yana zuwa, amma da hirami a naɗe har hanci, ana sallamewa ya sulale. Kasuwa ya bar wa yayanmu. Abinci kuwa sai an ajiye masa an fita an ja ƙofa, shi ma kunu ne ko koko, ya kurɓi rabi ya ture. Abokan nasa sun shigo har ƙofar ɗaki ba sau ɗaya ba, ya amsa sallama ta bayan labule, ya ce kansa ke ciwo. Cikin wata biyu wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta daina fitar da kwano ba. Ta ce ita ba za ta zama matar da za a ce gidanta ya daina fitar da tuwo ba. Kullum ta tura shi bakin baranda, tsofaffin nan biyu su ci nasu su bar namu a rufe, bayan isha'i ta ɗauko shi da nauyinsa yadda ta kai. Da safe a yi ɗumame. Na taɓa durƙusawa na roƙi Malam Liman, na ce don Allah su riƙa ci, ko Inna ta ji sanyi. Ya ce, "'Yata, ranar da muka buɗe kwanon nan ba shi, ranar muka sallame shi. Mu kuwa ba mu sallame shi ba." Na so in ji haushinsa, ban samu hanya ba.

Shi Baba duk yana ji, domin tagar ɗakinsa a kan barandar take. Mutum ne da bai yarda da ɓarnar abinci ba, muna yara in ƙwayar shinkafa ta faɗi sai ka tsince ta kafin ka tashi. Amma tunda tuwon ba zubar da shi ake yi ba, ana ɗumamawa a ci da safe, bai ga abin da zai tashe shi daga inda yake ba.

Ni ina aure a unguwar Obiagu, ɗinki nake yi a gida, kullum da la'asar nake hawa keke napep in je in gan su. Haƙuri ba halina ba ne, kowa ya sani, Inna ma cewa take a wurin Baba na ɗauko taurin kai. Na yi lallashi, na yi wa'azin da ban isa in yi ba, har na taɓa ce masa, "Baba, su waɗanda kake jin kunyar tasu, haƙora nawa suka rage a bakinsu?" Ya dube ni ta saman hirami ya ce in ja masa ƙofa. Na gwada faten dankali, na gwada ƙwai, na gwada farfesun kifi na zauna na tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya zo masa ruwa-ruwa sai ya ce, "To, na koma jariri ke nan." Mai tauri kuma ba ya iyawa. Na rasa yadda zan yi da shi.

Maƙwabciyata a Obiagu Ibo ce, maman 'yan biyu muke ce mata, girkin biki take yi. Wata Asabar ta dawo daga aiki ta leƙo da ɗan faranti, ta ce in ɗanɗana. Yanka guda ne, tsaye da gefensa kamar an yanko burodi, layi fari layi ja. Na sa cokali, ya shige ba gardama. Na kai baki, kafin in motsa haƙori ya narke, sai ƙamshin citta ya biyo baya. Na tsaya da cokali a hannu, Baba ya faɗo min a rai. Ga abu da kamar abincin masu haƙora, har da wuƙa ake yanka shi, amma dasashi ma ya ishe shi. Na ce a wane irin tanda ake gasa wannan? Ta yi dariya, ta ce da broka, "E no dey see fire," wato ko kusa da wuta ba ya zuwa. Biskit ne mai citta, irin mai taurin nan na kanti, a jera shi da kirim, a bar shi ya kwana a sanyi. Danshin kirim ɗin ke ratsa shi ya yi laushi, amma yana nan da siffarsa.

Sai na yi tambayar da ya kamata in yi kafin in haɗiye: me da me ke ciki? Ta ce in kwantar da hankalina, wannan na teburin yara ne, a ruwan lemo ta tsoma biskit ɗin. Na manya ne take tsomawa a giya. Na ce a'uzubillahi, Allah ya rufa asiri. Washegari ta raka ni wani ɗan shago a bayan Ogbete inda masu yin kek ke sayayya, muka sayo garin kirim a leda da biskit ƙunshi uku. Garin ma ban yarda da shi ba sai da na sa mijina ya karanta rubutun jikin ledar daga sama har ƙasa, kada a ce akwai wani abu na alade. Ya gama ya ce, "Ke da ko kek ba ki taɓa yi ba?" Na ce ai ba shawararka na nema ba, karatu na ce ka yi min.

A gidan Inna na haɗa, saboda ita ke da firiza, tana sayar da kunun aya da zoɓo. Firizar ba ta daskarar da komai, yadda wuta ke zuwa tana tafiya ba ta samun sarari, sanyi kawai take riƙewa, kuma abin da nake so ke nan.

Maimakon lemo na ce bari in yi ruwan citta. Na ɗebo daga buhun da ke bayan ƙofar Inna, buhu na ƙarshe da Baba ya gatsa ya ce wannan a kai gida. Na daka, na tafasa ya yi ƙarfi, na tace, na bar shi ya huce. Sai kirim. Maman 'yan biyu da inji take bugawa, ni ba ni da shi, sai na wanke maburgin miya da ruwan zafi har sau uku don kada warin daddawa ya bi. Na zuba garin a roba da madara mai sanyi, na yi ta burgawa, abu ya ƙi tashi, zafin garin nan ya hana. Na tuna ta ce in ya ƙi a ɗora robar a kan ƙanƙara. Na fita bakin titi na sayo, na fasa a baho, na dasa robar a tsakiya, na ci gaba har tafin hannuna ya yi ja. Can sai ya fara kauri. Na ɗaga maburgi, kirim ya tsaya a kansa bai zubo ba. Na barbaɗa ɗan garin citta na juya, sukari kuwa ban ƙara ba, na cikin biskit ya isa.

Jeren shi ne mai wuya. Ki tsoma biskit a ruwan citta ki cire nan take, in kika tsaya ƙirga uku ya zama taɓo. Huɗu suka mutu a hannuna kafin in gane. Ki shafa kirim a fuska ɗaya, ki manna wani, ki shafa, ki manna, in sun kai biyar ki tsayar da su a gefensu a kan tire, yadda ake jera faranti a kwando. Haka za ki yi ta ƙarawa har ya kai tsawon kamu guda. Sauran kirim ki lulluɓe shi duka, sama da gefe, kada a ga ja ko kaɗan. Na kife masa babban kwano, na ɗora a saman robobin kunun aya, na rufe firiza. Inna tana gidan suna a unguwar Coal Camp, ban jira ta ba na koma gida. Kuskurena ke nan, ban bar mata sallahu ba.

Da hantsi na iso da wuƙata mai kaifi a jaka, ina ta murna. Na buɗe firiza, babu tire. Inna tana zaune tana cika robobi, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "In furarki kike nema, na gyara miki."

Na ce, "Wace fura?"

Ta ce, "Wadda kika bari ba ki dama ba. Ku 'ya'yan Enugu, Allah ya shirye ku. A ce mace ta zuba fura a nono, ta kwantar da ita a tire ta tafi abinta?"

Ashe da asuba ta buɗe, ta ga abu fari fat, ta lakata ta ji madara, ta tona ta ga dunƙule ja-ja a ciki, ga ƙamshin citta. A sanin Inna abu ɗaya ne a duniya ke da wannan kama. Ta juye a ƙwarya, ta ƙara ruwa, ta sa ludayi ta dame shi lilis, ta kai wa Baba.

Wallahi sai da idona ya rufe. Na ce, "Inna, aikin yini guda! Wa ya aike ki?" Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Ni kike tambaya wa ya aike ni? A ɗakina, a firizata?" Na san na wuce gona da iri, na sauke murya, amma haƙuri ban iya bayarwa ba sai wajen la'asar. Na tambaya ko Baba ya sha. Ta nuna min ƙwaryar da haɓa. Kurɓa ɗaya ya yi, ya ce wannan wace irin fura ce da babu gero, ya mayar. Na zauna na shanye abina don haushi, kuma ba zan ɓoye ba, ko a dame yana da daɗi.

Da na yi mata bayanin yadda abin yake, ta riƙe baki ta ce, "Yanzu abin da bai hau wuta ba, shi za ki ba mijina ki ce abinci ne?" Na ce to fura fa? Ta ce, "Fura dafa ta ake yi, kada ki raina min hankali." Amma da na sake sayo kaya bayan kwana biyu, ita ta riƙe min baho ina burgawa, tana ta mita. Can ta fizge maburgin ta ce ban iya ba, kuma gaskiyarta, a hannunta ko rabin lokacin bai kai ba ya tashi. Ta tsaya a kaina ina jeri, tana ce min wannan ya karkace, wancan kirim bai ji ba, ita da jiya-jiyan nan ta san abin. Da na gama na ɗaure kwanon da tiren da ɗankwali na ƙulle. Ta ce to sai ki je ki sayo kwaɗo ki sa.

Washegari na bari sai bayan magariba, lokacin da cikin Baba ya saba da abinci tun kafin a haife ni. Na kwance ɗankwali na ɗaga kwano na leƙa, ya kama jikinsa, babu inda ya tsage. Na yi sallama a ƙofarsa. Yana zaune a kan buzu da carbi, yana jin motsina ya jawo hirami. Na durƙusa na ce, "Baba, wani abu na yi maka. Ba kunu ba ne, da wuƙa ake yankawa." Ko duban tiren bai yi ba. Ya ce, "Na ƙoshi. Allah ya yi albarka. Ja min ƙofa."

Na fito zuciyata na tafasa. Kada wani ya ce dabara na shirya, haushi ne zalla. Na ce in shi ba zai ci ba, ai akwai masu baki a waje. Na wuce Inna tana ce min ina za ki, na fita baranda, na durƙusa na gaida tsofaffin, na ajiye tiren kusa da kwanon tuwonmu da ke nan a rufe. Na ce, "Malam, wannan ba tuwo ba ne, ba ya cikin ƙa'idarku. Ni na yi, ku ci."

Liman ya dubi kwanon da ke kife a kan tiren, ya ce, "Daga wane gida ya fito?"

Na ce daga namu.

Ya ce, "To."

Na ce, "Malam, abin sanyi ne, ba ya jira. In ya daɗe a zafin nan narkewa zai yi, kuma ba a ɗumama shi da safe. Zubarwa za a yi."

Mai goro ya gyara zama. Ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata tsakanin mutum uku, ya ce, "Me kika zuba a ciki?" Na ce madara, da biskit, da citta. Ya ce, "Wace cittar?" Na ce ta buhun ƙarshe da Baba ya zaɓa. Ya ce, "Ikon Allah! To, ya narke." Ya ɗauki murfin nasa kwanon da ya riga ya buɗe, ya mayar ya rufe. Liman ya dube shi, shi ma ya rufe nasa.

Na koma bakin ƙofar gida na tsaya bayan labule. Inna ta zo ta tsaya a bayana, tana raɗa min cewa na zubar mata da mutunci, na kai wa maza ɗanyen abu. Ranar kuwa an yi zafi, ko iska babu, ga janaretan maƙwabta yana huro nasa. Tagar Baba a buɗe take.

Ba a daɗe ba wani farin layi ya ɓullo ta ƙarƙashin bakin kwanon. Mai goro ya sunkuya ya haska da fitilar wayarsa, ya ce, "Malam, ya fara."

Liman ya ce, "Uhm."

Jim kaɗan ya sake cewa, "Malam, ya kai rabin tire. Madara ce zalla wallahi. Kai, wannan citta, an daina samun irinta."

"Uhm."

"Ka ɗan janye ƙafa, Malam, tabarma zai nufa. Ga tururuwa ma sun samu labari."

Ni ina bayan labule, aikin kwana biyu nake kallo yana tsiyaya, kuma haushin ya fara saki na, tsoro ya maye gurbinsa. In Baba bai fito yau ba, na tozarta shi a gaban abokansa, kunnensa yana ji, kuma ban san da wane baki zan sake ce masa ya fita ba.

Sai muka ji jan takalminsa. Inna ta damƙe min hannu. Ya fito, hirami har hanci, ya wuce mu kamar bai gan mu ba. Ya tsaya a bakin tabarma, ya ce da muryar nan tasa da ta canza, iska na fita tare da magana, "Ku dai tsofaffin banza ne. Kuna zaune kuna kallon abinci yana zubewa."

Mai goro ya ce, "Kwanonka ne, Alhaji. Mu ina ruwanmu."

Baba ya yi tsaki. Ya cire takalmi, ya zauna, ya ɗaga kwano.

Gefe ya sulɓe, ƙarshen ɗaya ya zauna, amma tsakiya na nan tsaye. Na miƙa wuƙa daga inda nake, na ce, "A karkace ake yankawa, Baba." Ya ce ya ji. Ya yanka, layukan suka fito fari da ja yadda na gani a farantin maman 'yan biyu. Inna ta ba ni cokula uku na miƙa. Ya ce bismillah. Sannan ya zauna da cokali a hannu, domin ba a ci ta cikin hirami. Liman da mai goro suka duƙufa a kan nasu kamar an ce za a ƙwace. Baba ya sa yatsa ɗaya ya ja hiramin ƙasa. Rabona da ganin fuskarsa duka tun ranar da ya daina zama a tabarmar nan. Bakin ya shige ciki, haɓa ta matso, tausayinsa ya kama ni. Ya kai cokali. Bai zubo ba. Ya juya shi a baki, ya haɗiye, ya ce, "Sukari ya yi yawa." Ya sake kaiwa. Mai goro ya ce shi bai ji yawan sukari ba. Baba ya ce, "Kai ai goro ya kashe maka harshe tun kana saurayi." Suka cinye, har wanda ya narke suka kwashe da cokali.

Na ɗauka an gama, na matso na ɗauke tire. Baba ya tsaya yana duban kwanon tuwon Inna da ke gefe. Can ya jawo shi gabansa ya buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe. Inna ta ce alhamdulillahi a hankali, ta juya ta shige ɗaki, ba ta iya tsayawa kallo ba. Ni na tsaya.

Ya gutsuri ƙaramar loma, ya daɗe yana murza ta a miya, ya kai. Ya daɗe yana juyawa. Miya ta ɗan zubo, ya goge da gefen hirami, ya sake gutsura. Mutanen nan biyu da na san su da saurin ci, musamman mai goro, suka koma sai ya kai su kai. Hira ta ɓarke a kan damina da ta makara, mai goro na cewa saura kwana uku ruwa ya sauka, Baba na ce masa tun yaushe ya zama mai duba.

Aka kira isha'i suna kan ci. Mutane suka riƙa wucewa ta gaban baranda zuwa masallaci, wasu suka rage tafiya da suka gan su su uku, suka gaishe su suka wuce. Bayan wani lokaci ladan da kansa ya zo, ya tsaya a bakin baranda ya ce, "Malam, jama'a sun taru." A iya sanina Liman bai taɓa sa an jira shi ba. Na dubi hannunsa, loma ɗaya ce yake riƙe da ita tun ɗazu, har ta fara bushewa a yatsunsa. Ya ƙoshi tuntuni. Baba kuwa ko rabin malmala bai kai ba, kansa a sunkuye, yana ta fama.

Liman ya ce, "Ka ce su ɗan ƙara haƙuri. Ba mu gama ba."